Na Ɓoye Fulogin Gwaggo a Cikin Kwalla

Anti Adama, assalamu alaikum, da fatan kina lafiya ke da iyali. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki hanzarta, domin abin da ya dame ni yana da wa'adi. Da zarar ƙanin mijina ya gama cirar gyaɗarsa shi ke nan, kuma jiya na ji matarsa tana cewa saura gona ɗaya. Karatuna a aji biyar na firamare ya tsaya, a cikin Daura can wajen Kusugu, saboda haka inda na yi kuskure ki gyara, inda na cika surutu ki yi haƙuri. Sunayen da za ki gani na canza su. Sunan garinmu kuwa ba zan faɗa ba. Ƙauye ne a bakin dam, kowa ya san tarin kowa.

Ni dai ƙarya na yi. Shekarata arba'in da uku ban saba yi ba, shi ya sa ta zauna mini a ƙirji kamar ɗanyen tuwo. Kuma a kan inji na yi ta. Na san za ki yi dariya. Ki yi abinki, ni ma wani lokacin sai in kama kaina ina yi.

Maigidana Malam Kalilu, Allah Ya ji ƙansa, masunci ne. Ya rasu kwana tara bayan ƙaramar Sallah, zazzaɓin kwana uku kacal, yau wata bakwai ke nan. Ya bar ni da 'ya'ya uku, duk mata. Asma'u tana ɗakinta a Zango, Firdausi da Amatullahi suna gabana suna makaranta. A Baga muka yi yawancin zaman aurenmu, shekarar da aka watse muka dawo gida. Ba mu fito da komai ba sai yaran da injin jirginsa. Keken ɗinkina can aka bar shi, da katifa da tukwane duka. Injin kuwa a kan cinyarsa ya zo a bayan mota har Daura, lulluɓe da zanina mafi kyau, ni ina maƙale a kan buhun albasar wani. Na yi shekara guda ina yi masa gorin keken nan. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai in nuna masa keken ɗinkin da ya taɓa kama tarwaɗa.

Tsohon inji ne mai ƙarfin doki goma sha biyar, irin wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai. Ko lokacin da ya saye shi ba sabo ba ne. Fentin ya goge, murfin ya tsage an ɗinke shi da waya. Gwaggo yake kiransa, wai don da safe sai ta yi tari an lallashe ta kafin ta tashi, in kuma ta fara magana ba wanda ake ji sai ita. Daga nan ni ma Gwaggo zan riƙa cewa, don bakina ya saba.

A dam ɗinmu jiragen da ke da inji ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sauran duk filafili da gora ne. Shi ya sa Malam yake kai wa can tsakiya inda ruwa ke da zurfi, ya dawo da manyan tarwaɗa da karfasa, ni kuma in yi banda, mata su zo su sara. Ba ya barin Gwaggo ta kwana a bakin ruwa. Kullum a baro yake turo ta gida, ya ɗaura ta a kan wani katako da ya gitta a bakin duro, ƙarƙashin rumfar da ke jikin katangarmu.

Ba ya yarda kowa ya taɓa ta sai ni. Ni ce mai haɗa mata mai. Ƙaramin gwangwanin tumatir cike har baki da baƙin mai, a galan ɗaya na fetur, a girgiza sosai, a tace da tsumma mai tsabta. Ranar Juma'a ba ya fita su, sai ya cika duro da ruwan rijiya ya tashe ta a ciki, wai wankan Juma'arta ke nan. Ni ina tsaye ina miƙa masa sifana, a haka na koyi komai ba tare da na sani ba. Na san a matsa 'yar robar tiyon mai har ta yi tauri, a sassauta ɗan murfin iskan da ke kan tanki, a ja cok ɗin da ke rage mata iska, a ja igiya a hankali har ta cije, sannan a fizga. Babbar dokarsa kuwa ita ce kada a kuskura a tashe ta ƙafarta ba ta cikin ruwa, ko da na ƙiftawar ido ne, domin akwai wata 'yar farfelar roba a ciki mai jan ruwa tana sanyaya ta, in ta juya a bushe sai ta ƙone. Kuma da ta tashi a duba bayanta, akwai wani siririn ruwa da take tsartarwa. Ki yi haƙuri da kalmar, fitsarin Gwaggo yake ce masa. Yakan ce tsohuwar da ba ta fitsari ba ta da lafiya, a kashe ta nan take.

Bayan rasuwarsa aka rabar da tufafinsa sadaka, ni da kaina na wanke su na linke. Sai bayan an kwashe na gane wautar da na yi, na wanke warinsa duka. Shi mutum ne da kullum yake warin hayaƙin injin nan haɗe da ƙarnin kifi, ko ya yi wanka ya shafa turaren Juma'a sai ka ji shi a ƙasan turaren. Shekara ashirin da biyar ina mitar warin nan, Anti. Ashe shi zan zo ina nema a cikin akwati.

Ina cikin takaba, wajen mako na shida, wata Juma'a na tuna yakan ce inji kamar ƙafar mutum ne, in ba a taka ta sai ta sage. Na ce bari in tashe ta don kada ta yi tsatsa. Wallahi da niyyar da na fara ke nan. Akwai sauran mai a galan. Na cika duro, na yi duk abin da yake yi, na fizgi igiya sau bakwai har kafaɗata ta amsa. A na takwas ta yi tari biyu ta kama. Hayaƙin nan mai shuɗi-shuɗi ya cika tsakar gida, sai na ji kamar yanzu zai fito daga bayan rumfa yana goge hannu da tsumma yana tambayar ko an sauke abinci. Na zauna a kan turmi na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Da na gama sai na ji yunwa, karo na farko tun rasuwar. Na ci tuwo malmala biyu.

To amma Gwaggo ba ta iya raɗa ba, kuma mai takaba da tashin injin jirgi a tsakar gida, kin san abin da gari zai ce. Sai Allah Ya kawo mini dabara. Maƙwabciyata Haulatu, wadda katanga ɗaya ta raba mu, tana da injin markaɗe, kullum bayan la'asar take tayar da shi, kuma nata ya fi jirgin sama ƙara. Ranar Juma'a ba Islamiyya, yarana suna yawon gaishe-gaishen dangi a lokacin. Da na ji nata ya tashi sai in tashi tawa, da na ji nata ya fara sassautawa sai in kashe. Feturin ma a wurinta nake samu, kwalba ɗaya duk mako, na ce mata gara ce ta dame ni a ɗaki. Kwanaki ta miƙo mini kwalbar ta kan katanga tana cewa wannan gara ta gidana ta fi motar haya shan mai. Kuma na lura ran Juma'a ko markaɗen kwano biyu aka kawo mata sai injinta ya daɗe yana yi. Na ce ƙila dutsen ne ya dakushe.

Yanzu ga inda ƙaryar ta shigo. Malam yana da ƙane, Sha'aban, magidanci ne da matarsa da 'ya'ya biyar. Asalinsa manomi ne, gero da gyaɗa, amma tun da muka dawo yake bin yayansa cikin jirgi yana ja masa kalli, wato ragar kamun kifi. Ya iya ruwa, bai dai iya inji ba, don Malam ko igiyar bai taɓa bari ya ja ba. Duk tsawon takabata bai ce mini komai a kan Gwaggo ba. Da na fita da mako guda sai ya aiko matarsa ta ce gobe zai zo ya ɗauki inji, ruwa ya cika, kifi ya koma tsakiya, zai riƙa fita ana raba abin da aka samu gida biyu.

Magana ce mai kyau, ba abin da zan ce ya yi ba daidai ba. Amma da ta fita na dubi rumfar nan na ga yadda za ta zama wayam, na ga wani yana turo baron ba shi ba. Sai na tuna Malam yana da wani gwangwanin madara da yake tara matattun fulogai a ciki, shi ba ya yar da komai. Na ɗauko sifana na kwance masu kyan guda biyu, na ɗaura matattu. Masu kyan na naɗe su a leda na sa a cikin kwallar da ke can ƙasan jerena, wadda ba a buɗe ta ba tun bikin Asma'u.

Washegari Sha'aban ya zo da baronsa da fara'arsa. Na ce ya gwada ta a duro tukuna. Bawan Allah ya ja igiyar nan har rigarsa ta jiƙe, ya cire hula, ya yi bisimilla, ya ja, ya yi salati, ya ja. Gwaggo ko tari. Ni kuwa ina gefe da kwanon ruwa ina ce masa sannu. Da ya gaji ya ce matar Yaya, anya tsohuwar nan ba ta bi mai ita ba? Na ce ƙila ita tata takabar ce ba ta ƙare ba. Muka yi dariya, kin san akwai wasa tsakanina da shi. Sau uku yana dawowa. A na ukun har da ruwan addu'a ya zo ya yayyafa mata. Duk ranar Juma'a kuma in mayar da masu kyan, mu sha hirarmu ni da ita, in sake kwancewa. Na ƙware har ba na duban sifanar.

Yau wata biyu da rabi Sha'aban yana fita da filafili. Jirgin Malam babba ne, don inji aka yi shi, tuƙa shi da hannu kamar tura ɗaki ne. Gefe-gefe kawai yake iya bi, inda kowa ya riga ya tsefe. Abin da yake samowa 'yan ƙananan karfasa ne kamar tafin hannun jariri, amma ko guda goma ne sai ya kawo biyar gidana, ya tsaya a zaure ya ce ga na marayu. Tafin hannunsa duk ya yi kanta ya fashe. Wurin bandata kaji sun mayar da shi wurin kwana. Masu sarin kifina sun koma wani gida. Ran nan Amatullahi ta juya miya da cokali ta ce Umma, kifin yau ɓuya yake yi ne? Na yi dariya, na shiga ɗaki na daɗe ban fito ba.

Mako biyu da suka wuce ya yi ƙarfin hali ya nufi tsakiya da filafilin. Iska ta taso masa a can. Mutumin da yake dawowa da hantsi, sai bayan la'asar aka janyo shi da jirgin wani, ya galabaita. Matarsa ta shigo gidana tana kuka tana cewa da injin nan yana aiki da haka ba ta faru ba. Na riƙe ta ina ba ta haƙuri, kwallar tana bayana.

Shi ne ya yanke shawara. Ya ce da ya gama gyaɗa zai ɗauki Gwaggo ya kai wa wani Jafaru, bakaniken babur da janareta a cikin Daura. In ta gyaru to, in ba ta gyaru ba ran Lahadi ya wuce da ita kasuwar Mai'aduwa ya ba masu sayen gwangwan su auna ta a sikeli, a sayi ƙarin kalli da abin da aka samu. Yana faɗa yana kallon duron, har ya ce ikon Allah, ruwan duron nan wata bakwai bai ƙafe ba bai yi gansakuka ba, lallai Yaya mutum ne mai albarka. Na ce sosai.

Anti, na san yadda masu gyaran babur suke yi, na gani a bakin tasha. Za su jingina ta da benci, su ɗura mata fetur, su murɗa wuta har karnukan unguwa su gudu. A duk faɗin nan wa ya san injin da ke shan ruwa ta ƙafa? Da Jafaru ya canza fulogi za ta tashi, kuma tashin nan a bushe shi ne ajalinta. In kuma ya duba fulogan ya ga ba na jiya ba ne ba na shekaranjiya ba, ya ce wa ya ɗaura waɗannan, me Sha'aban zai ɗauke ni? In an kai ta sikeli kuwa, ni ce na kashe abin da Malam ya ɗauko a cinyarsa.

Wata zuciyar tana ce mini in mayar da masu kyan shiru, in ce ya sake gwadawa, in ta tashi mu ce ruwan addu'ar ne ya yi aiki a makare. Wata tana cewa in faɗa masa gaskiya, amma da wane ido zan dubi mutumin da ya kusa halaka yana nemo wa 'ya'yana abinci? Kuma ko ya yafe, sai na koya masa komai, kin kuwa san mazan bakin ruwa, su ji an ce mace ce ta koya masa tashin inji, ba zai sake shan shayi cikin kwanciyar hankali ba. Gaskiyar da ta fi duka kuma, har yanzu ba na so ta fita daga gidan nan. Ko haukacewa na fara ne? Ki faɗa mini ko da zafi, zan ɗauka.

Taki,
Mai Gwaggo, daga ƙasar Daura.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwata Mai Gwaggo. Allah Ya ji ƙan Malam Kalilu, Ya ba ki haƙurin rashi. Na yi dariyar da kika ba ni izini, musamman wajen garar nan mai shan fetur, daga baya kuma na nemi bakin mayafina. Rubutunki ban taɓa masa komai ba.

Ba ki haukace ba. Wata hular miji take ajiyewa, wata carbi, wata ba ta yarda a zauna a kan tabarmarsa. Ke naki abin tunawar ne Allah Ya yi shi da ƙara da hayaƙi. Kuma kin yi wa injin alheri, da kin bar shi wata bakwai a rufe da ba wannan maganar muke ba. Har zuwa ranar da kika ɗauko sifana ba ki da laifin komai.

Daga ranar kuwa akwai laifi, kuma kin san shi, tunda ke kika lissafo shi da bakinki: hannun Sha'aban, miyar Amatullahi, da iskar da ta same shi a tsakiyar ruwa. Allah Ya kiyaye a wannan karon, kada ki jira na biyu. Ki kuma tuna injin nan ba naki ke kaɗai ba ne, kayan gado ne. Yaranki suna da haƙƙi a ciki, kuma da yake duk mata ne, da wuya a ce shi ma Sha'aban ba shi da nasa. Ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Ke nan abin da kika ɓoye a kwalla ba naki ne kika ɓoye ba.

Shawarar a mayar da fulogai a jingina wa ruwan addu'a, ki yar da ita. Ƙarya ce a kan ƙarya, kuma ta fi ta farko haɗari. Inji mai aiki a hannun wanda bai san awon mansa ba, bai san ya duba ruwan bayansa ba, zai kai shi can inda filafili ba ya kai shi, sannan ya mutu masa. Duk ilimin Malam a kan injin nan yanzu a kanki yake, ba a wurin kowa ba. Ba ki da ikon ba da injin ki riƙe ilimin.

Batun kunya kuma, bari in rage miki nauyi. Kina tsammani Haulatu kurma ce? Matar da take barin injinta yana cin mai a kan markaɗen kwano biyu, ba dutsenta ne ya dakushe ba, rufa miki asiri take yi. Shi ma Sha'aban, manomin da ya san ruwa ba ya wata bakwai a duro bai canza ba, ina zaton ya daɗe da shinshino wani abu, ya rasa yadda zai tunkari matar yayansa ne, shi ya sa ya ɗauko zancen sikeli ko za ki yi magana. Zato nake, ban san zuciyarsa ba. Yana yiwuwa bai san komai ba, ya ji ya yi fushi, kuma in ya yi yana da gaskiya, ki bar shi ya huce, kada ki kare kanki. Ko ta wace hanya, gara ya ji daga bakinki a tsakar gidan yayansa da ya ji daga bakin bakanike a gaban 'yan acaɓa.

Ki kira shi da matarsa tare, domin ita ma kin sa ta kuka. Ki ɗauko fulogan ki sa masa a hannu. Kada ki yi dogon bayani. Ki ce kin kasa rabuwa da ita ne, kin cuce shi, ya yafe miki. Sannan ki ɗaura su a gabansa ki tashe ta. Bayan nan ki roƙi abu uku, kuma ban ga wanda zai hana ki ba: injin ya riƙa kwana a rumfarsa kamar da, haɗa mai ya zauna a hannunki, wankan Juma'a ma naki ne. Kin ga ba rabuwa za ku yi ba, aiki za ta riƙa zuwa. Koyarwa kuma a cikin gida za a yi ta, mazan bakin ruwa ba sai an aika musu da goron gayyata ba. In ma sun ji, ranar da ya sauke manyan tarwaɗa a gabansu dariyar za ta ƙare.

Da yake ni ko fitilar gidana ba na iya gyarawa, na kai wasiƙarki wurin wani dattijo mutumin Yawuri da ya tsufa a gyaran injin jirgi. Ya ce in gaishe ki, wai kin fi rabin yaran shagonsa. Duk dokokin Malam ya ce daidai ne, kada a canza gwangwanin awon nan. Amma ya ce zaman duro kaɗai ba ya isar irin wannan inji, in ba ya jan kaya sai baƙin hayaƙi ya taru ya toshe shi, wato ita kanta tsohuwar ruwa take so. Kafin a fita da ita, a kwance ƙusar da ke can ƙasan ƙafarta a duba man giya. In ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, a canza shi da robobin da ke tare shi. 'Yar farfelar robar nan ma in ta shekara biyu ba a canza ba a nemo sabuwa, ko daga Kano ne. Man da aka haɗa ya wuce wata guda kada a ba ta. Ranar farko a yi ta zagaye kusa da gaɓa, kada a nufi tsakiya. Kuma kullum a cikin jirgi a samu fulogi biyu na ajiya, da sifana, da igiya, da 'yar ƙusar farfela, da filafili, da rigar kariya ta ruwa a jikin mai tuƙi, ba a ƙarƙashin benci ba. Jafaru ba abokin gaba ba ne. In ana bukatar hannunsa a kira shi gida ya yi aikin a bakin duro, kina tsaye. Nawa ƙarin kuma, kwalbar fetur ta yi nesa da murhu da wurin banda, kuma ki daina zama cikin hayaƙin nan kina shaƙa, ba turaren wuta ba ne.

Sai abu na ƙarshe. Wata da watanni kina kai kukanki wurin inji. Ya taimake ki, amma ba ya ce miki sannu. Ki kira Asma'u ki ba ta labarin nan tun daga farko, ku yi dariya ku yi kuka, su ma ƙannenta uba suka rasa, ƙila suna ɓoye nasu don kada su tayar miki da naki.

Ba zan ruɗe ki ba, safiyar da za a fara tura baron nan waje za ta yi miki ciwo. Ki tsaya ki gani da idonki, ki yi masa addu'a, in hawaye ya zo ki bar shi. Sannan ki koma ciki ki nemi itacen banda, domin kafin azahar za ki bukace shi.

Kada ki jira gonar ƙarshe. Ki aika a kira shi gobe da hantsi. Allah Ya sanyaya zuciyarsa, Ya sanyaya taki, Ya raya marayu, Ya sa a fita lafiya a dawo lafiya.

Taki a kullum,
Anti Adama.